Makulli Yana Ofis

Abu na farko da tsofaffin gandirobobi suka koya wa Kofur, tun yana sabon shiga kakinsa bai saki ƙamshin shago ba, shi ne kada ya kuskura ya ce wa kowa a'a. A'a tana jawo roƙo, in ji su, roƙo ya jawo kuka, kuka kuma ya tara maka jama'a. In fursuna ya nemi wani abu, ko ɗan'uwan fursuna, sai ka ce ba ya wurinka, yana ofis. Ofis ba shi da fuska balle a marairaice masa. Mutum zai dube ka, ya dubi hanyar ofis, ya haɗiye maganarsa ya koma ya zauna.

Kofur ya kama karatun da kyau, har ya fi malaman nasa. Shekaru suka tura, furfura ta fito, maganar ta zauna masa a baki yadda "lafiya lau" take zaune a bakin kowa, ba ya ma jin fitarta. Matarsa takan ce wa yara, "Ubanku ko ruwan sha kuka roƙe shi, ce muku zai yi randar tana ofis." Yara su yi dariya, shi kuma ya ɗan motsa leɓe ya ci gaba da goge takalminsa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma shi bai taɓa ɗaukar abin da wata illa ba. Aiki ne, kuma aikin yana tafiya.

A makon nan gadin asibiti aka ba shi. Duk gandiroba ya san wannan aiki: ka zauna kan kujerar roba a gefen gadon fursuna marar lafiya tun safe har a zo a canje ka, kana shaƙar warin magani, kana kallon ruwan da ake ƙara wa mutum yana ɗiga. Gadon da asibiti ke ba fursunoni shi ne na ƙurya a ɗakin maza, kusa da taga mai sandunan ƙarfe, nesa da fanka ɗayar da ke juyawa. Mutum biyu ake turowa. Abokin aikinsa wani ne da ake kira Gwangwani saboda yawan surutu, kuma tun da suka karɓi aiki ya rataye rigar sanyinsa a jikin taga ya ce zai je ya dawo. Kofur bai tambaye shi ina ba, don ya san amsar ba za ta ƙare da wuri ba.

Wanda ke kwance a gadon shi ne Tela. Ya riga yawancin ma'aikata shiga gidan yarin, a kan wani faɗa da ya ƙare da rai tun yana da ƙarfinsa. Shi ke riƙe da ɗakin ɗinki, shi ke gyara kakin gandirobobi. Wandon da ke jikin Kofur ma shi ya buɗe masa ƙugu bara, yana awo yana cewa, "Kofur, kai kake ƙiba ko gwamnati ce ke rage yadi?" Yanzu ƙoda ta kwantar da shi. Fuskarsa ta zube, ƙafafunsa sun kumbura har suna sheƙi. A idon ƙafar hagu akwai sarƙa, an naɗa tsumma a ƙarƙashinta don kada ta ci fata, an zagaya ɗaya bakin a ƙarfen gado an datse da kwaɗo. Makullin kwaɗon yana aljihun Kofur na dama. Wanda ya kwana gadi ne ya danƙa masa shi da safe, kamar kullum.

Da likita ya zo zagaye bai ɓoye komai ba. Ya duba idon Tela, ya danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ce in akwai 'yan'uwa a bar su su zauna kusa. Sannan ya kalli sarƙar, ya kalli Kofur, ya wuce gado na gaba. Kofur ya san dalilin sarƙar. Shekarun baya wani fursuna ya yi ta nishi a wannan ɗakin har aka tausaya aka kwance shi, kafin a ce me ya bi ta tagar banɗaki. Gandirobobi biyu suka tuɓe kaki a kan haka, ɗaya daga cikinsu aminin Kofur ne. Tun daga nan doka ta tsaya: ba a cire sarƙa sai likita ya sa hannu cewa mutum ya rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi.

Da hantsi wata mace ta shigo da jakar hannu da kwandon abinci. Ba za ta wuce shekara talatin ba, kuma da gani a mota ta kwana, don mayafinta duk ya yamutse. Ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskoki, har ta hango kaki a ƙurya, sai ta nufo shi.

"Yallaɓai, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Ni ce 'yarsa. Jiya aka kira ni."

Ya miƙa hannu, ta gane ta ba shi kwandon. Ya buɗe filas ya shinshina, ya lallatsa burodi da yatsu, ya ɗaga murfin kwano ya juya da cokali, ya zare wata 'yar wuƙar yanka lemo ya ajiye a gefensa. Ta tsaya tana kallo. Da ya gama ya nuna mata benci.

Ta zauna ta jiƙa ƙyalle tana goge wa mahaifinta fuska. Ya buɗe ido a hankali, ya daɗe yana kallonta kafin ya gane.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ga ni."

"Kin bar yaran da wa?"

"Suna wurin kakarsu. Kada ka damu da su."

"Kin rame."

"Kai ne za ka ce wa wani ya rame?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari. Ta tallafo kansa ta ba shi shayi a cokali, rabi ya shiga rabi ya bi gefen baki. Suka yi ta 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, na wane ya yi aure, wane ya sayar da shagonsa, har barci ya sake ɗauke shi. Kofur yana jin su kamar yadda ake jin rediyon maƙwabci. Ya ga irin wannan zama da yawa, kuma duk kusan iri ɗaya ne.

Sai ta matsa ƙarshen gado ta ɗaga bargo don ta matsa masa ƙafa. Hannunta ya tsaya a sama. Ta kalli sarƙar, ta bi ta da ido har zuwa ƙarfen gado, sannan ta mayar da bargon a hankali ta gyara gefensa. Ta daɗe zaune tana kallon bango. Daga baya ta taso ta durƙusa a gefen kujerar Kofur, ta rage murya don kada na gadon kusa su ji.

"Yallaɓai, wata alfarma nake roƙo, don Allah. Nas ta gaya mini abin da likita ya ce. Ka ga ko juyawa ba ya iyawa. A cire masa wannan abin. Kada ya tafi da shi a ƙafa."

"Makulli yana ofis."

Ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan robar ƙarin ruwa, yana tunanin ko ya kamata a kira nas ta canja.

"Wane ofis?"

"Can gidan. Wajen Oga."

"In an je za su bayar?"

"Sai abin da suka ce."

Ta ce, "To, na gode." Ta koma ta sunkuya a kan mahaifinta, ta yi wa matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa wata magana a kunne, ta ɗauki jakar hannunta ta fita. Kofur ya san wannan fitar. 'Yan'uwan fursuna sukan je baranda su yi kukansu, su wanke fuska a famfo, su dawo da jajayen idanu su zauna, kuma ba sa sake tayar da maganar. Ya miƙe ƙafa ya gyara zama.

Rana ta ɗaga. Aka zo aka goge ƙasa da ruwan magani, aka tura keken abinci, wani tsoho a can bakin ƙofa ya yi ta faɗa da jikansa a kan allura. Nas ta zo ta canja robar ruwan, ta riƙe hannun Tela tana kallon agogonta, ta taɓe baki ta tafi. Benci yana nan babu kowa, ƙudaje sun taru a bakin kofin shayin.

Matar gadon kusa ce ta yi magana, tana fifita mijinta da kwali.

"Anya yarinyar nan za ta samu mota da wuri kuwa? An ce gidan naku can bayan gari yake."

"Wace mota?"

"Ba ta gaya maka ba? Ce mini ta yi in kula mata da shi, za ta je ofishinku ta karɓo makulli."

Kofur ya dube ta. Bai ji faɗuwar gaba ba, bai ji komai ba, sai dai ya ji makullin a jikin cinyarsa, ɗan ƙaramin abu mai tauri da tun safe bai tuna da shi ba. Duk tsawon shekarunsa a aikin nan bai taɓa ganin wanda ya ji "yana ofis" ya tashi ya nufi ofis ba. Kowa ya san ma'anarta. Fursunoni sun sani, iyayensu mata da ke bin layin ziyara sun sani, har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa sun sani. Ita daga wani gari ta zo, kuma ta ɗauka in babban mutum mai furfura ya faɗi inda abu yake, to can yake.

Ya tashi ya je bakin ƙofar ɗakin ya leƙa baranda. Iyakar inda doka ta yarda ya kai ke nan, don ba a barin gadon fursuna ya ɓace wa ido. Ko da ya fita ma, ta daɗe da yin nisa. Ya ciro waya ya kira Gwangwani, sai ya ji ƙarar wayar Gwangwanin a bayansa, cikin aljihun rigar da ke rataye a taga. Ya kira wanda ke tsaron babbar ƙofar gidan yari.

"Akwai wata mata da za ta zo nan, 'yar Tela. In ka gan ta ka ce ta dawo asibiti yanzu."

"Wace mata? Kofur, yau ranar ziyara ce, layi ya kai titi. Duk mata ne."

"Mai mayafi ruwan toka. Za ta tambayi ofis."

"To, zan duba."

Aka kashe wayar. Kofur ya tsaya da ita a hannu. Ya san "zan duba" kamar yadda ya san sunansa, uwa ɗaya uba ɗaya suke da tasa maganar. Ya koma ya zauna.

Bayan azahar Tela ya farka. Idonsa ya je kan benci, ya dawo.

"Kofur."

"Na'am."

"Ina Auta?"

"Tana zuwa."

"Ina ta je?"

"Ta ɗan fita."

Tela ya daɗe yana kallonsa. Numfashinsa ya canja, yana ja da ƙyar kamar mai hawan tudu, amma hankalinsa na nan daram. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a gidan yari ba a yi masa irin wannan magana.

"Ofis ka tura ta?"

Kofur ya mayar da idonsa kan robar ƙarin ruwa.

"Ba ta san yarenmu ba, Kofur," in ji Tela. Babu faɗa a muryarsa, kamar dai yana gaya masa wando ya yi gajere. Ya juya kansa wajen ƙofa ya bar shi a haka.

Kofur ya zauna yana kallon ƙeyar tsohon. Bai yanke wata shawara ba, ko kuma in ya yanke bai ji lokacin ba. Ya dai ga hannunsa ya shiga aljihu. Ya tashi ya ɗaga bargon, ya sa makulli a kwaɗo ya murɗa, ya zare sarƙar a hankali don kada ta yi ƙara, ya warware tsumman. Inda ta zauna ya yi rami zagaye da ƙafar, fari fat. Matar gadon kusa ta daina fifita tana kallonsa, kallon da ya gwammace ta zage shi.

"Na cire," ya ce.

"Me?"

"Sarƙar."

"To," in ji Tela. Bai motsa ƙafar ba. Kwana biyu ke nan ba ya jin komai daga gwiwa zuwa ƙasa, da sarƙa da babu duk ɗaya ne a wurinsa. Idonsa bai bar ƙofa ba.

Haka suka zauna. Duk wanda ya shigo, mai shara ne, mai kawo abinci ne, ɗalibar nas ce, sai girar Tela ta ɗan ɗaga, sannan ta sauka. Sau ɗaya ya sake kiran sunan Auta, ba da ƙarfi ba. Kofur ya ce tana hanya, wanda wataƙila gaskiya ne. Da numfashin ya fara tsayawa yana dawowa, matar gadon kusa ta ajiye kwalinta ta zo ta jiƙa masa leɓe da ruwa, tana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Kofur ya je bakin ƙofa ya kira nas. Kafin ta gama da wanda take yi wa allura ta iso, Tela ya riga ya tafi, fuskarsa na kallon ƙofa. Nas ta shafa masa ido, ta ja bargo ta rufe, ta jawo labule mai taya ta kare gadon.

Sai ga Gwangwani yana sakace haƙori, ya shigo da labarin wani haɗari da ya gani a bakin asibiti. Labarin ya mutu a bakinsa da ya ga sarƙa a cinyar Kofur.

"Kai, me ka yi haka?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Likita ya sa hannu?"

"Bai zo ba tukuna."

"To ai har yanzu namu ne. Mayar masa kafin wani ya gani, ka san halin Oga. Ni fa ba za a tuɓe mini kaki a kan gawa ba."

Kofur bai motsa ba. Gwangwani ya tsaya yana jira, ya ga ba a da niyya, ya zari wayarsa daga rigar ya fita baranda yana ƙunƙuni, ya je ya sanar da gidan.

La'asar ta wuce kafin ta dawo. Kofur ya ji takunta tun daga baranda, sauri-sauri, sai ya ji ya ragu a bakin ƙofa. Ta hango labulen. Ta ƙaraso a hankali, ƙafafunta sun yi furu-furu, gumi ya jiƙa mayafin a wuya. Matar gadon kusa ta taso za ta riƙe ta, ta ɗaga mata hannu alamar ta bari. Ta shiga bayan labulen. Ba a ji kuka ba, sai motsin bargo, da wata addu'a da take yi a ciki-ciki. Kofur ya miƙe tsaye, don bai san yadda zai zauna ba, sarƙar na hannunsa.

Da ta fito ta tsaya a gabansa. Ba ta durƙusa ba wannan karon. Ta kalli sarƙar, ta kalli kwaɗon da makullin ke maƙale a jikinsa.

"Ya neme ni?"

Amsoshi da yawa suka zo masa baki, duk na aiki, duk masu santsi. Barci yake. Bai sha wahala ba. Ya bar su suka wuce.

"Ya nema."

Ta gyaɗa kai.

"Na bi layi har na kai ga taga," ta ce. "Suka ce Oga ya fita. Na jira. Da ya dawo aka shiga aka tambaye shi, aka fito aka ce mini makulli ai yana hannun wanda ke gadinsa a asibiti. Dariya ma suka yi."

"Na cire masa kafin ya cika."

"Na gani."

Ta juya kamar za ta koma bayan labule, sai ta tsaya. Muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba.

"Yallaɓai, da ka ce mini ba za ka buɗe ba, ai da na zauna."

Ta shige. Kofur ya tsaya a wurin har nas ta zo ta ce ya ɗan matsa, za a shigo da gadon ɗaukar gawa. Ya ja kujerar robar gefe. Aikinsa bai ƙare ba, don sai likita ya sa hannu sannan gidan yari zai saki gawar ga 'yan'uwa, kafin nan kuwa dole gandiroba ya bi ta duk inda aka kai ta. Da aka turo gadon ya naɗe sarƙar ya sa a aljihu, ya bi bayansu zuwa ɗakin ajiye gawa. Ita tana gaba, hannunta a kan ƙafar mahaifinta, ba ta waiwayo ba.